Tafiya Tsakanin Landan da Paris Ta Wuce Abin da Aka Rubuta a Tikiti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi tsokaci a kan wata magana da ta yawaita a bakin matasanmu masu neman gurbin karatu a Turai, da iyayensu, da kuma 'yan kasuwarmu masu zuwa baje koli ko ganin likita. Maganar ita ce wai tsakanin Landan, babban birnin Birtaniya, da Paris, babban birnin Faransa, tafiyar awa ɗaya ce kacal a jirgin sama, har ka ji wani yana cewa mutum zai karya kumallo a wannan birni ya yi sallar walha a wancan. Akwai gaskiya a cikin zancen, amma rabinta ce, kuma wanda ya tsara tafiyarsa a kan rabin gaskiya shi ne yake kwana a filin jirgi ko ya sake sayen tikiti da kuɗin da aka tanadar masa na abinci. Ni tsohon malamin Labarin Ƙasa ne a nan Zariya, kuma tun da na yi ritaya maƙwabta suka mayar da zaurena wurin duba takardun tafiyar 'ya'yansu, don haka abin da zan faɗa ya haɗa da abin da na koyar a aji da abin da nake gani a waɗannan takardu.

Idan aka ja miƙaƙƙen layi a bayan ƙasa daga tsakiyar Landan zuwa tsakiyar Paris, za a sami kimanin kilomita 344. Wanda ya bincika a intanet yana iya cin karo da 214, wani kuma ya ga 186, sai su hau gardama kowa yana cewa ɗan'uwansa ya yi kuskure, alhali nisa ɗaya ake nufi da ma'auni uku. Na 214 lissafin mil ne na tudu, wanda Turawan Ingila suke amfani da shi har yau a allunan hanyoyinsu, kuma kowane mil ɗaya ya ɗara kilomita ɗaya da rabi da kaɗan. Na 186 kuwa mil ne na teku, ma'aunin matuƙan jiragen ruwa da na sama, wanda kowane ɗaya daga cikinsa kilomita 1.852 ne. Domin mai karatu ya auna abin a ransa, wannan nisa bai bambanta sosai da nisan Kano zuwa Abuja ta sama ba. Ke nan manyan biranen ƙasashe biyu masu harsuna daban da kuɗi daban da tarihin yaƙe-yaƙe a tsakaninsu, kusancinsu bai wuce na garuruwa biyu da muke zirga-zirga tsakaninsu kullum ba.

Jiragen da aka fi ɗorawa a kan wannan hanya, irin su Airbus A320, sukan yi gudun kilomita 800 da ɗoriya a awa ɗaya idan sun daidaita a sararin sama. Ɗalibin ƙaramar sakandare zai raba 344 da 800 ya ce tafiyar minti 26 ce, kuma a kan allo ba zan hana shi maki ba. Amma jadawalin kamfanonin jirage yana nuna awa ɗaya da minti 15 zuwa 20, wato ninki uku na abin da ɗalibin ya samu. Sanin inda sauran mintocin suka tafi shi ne mabuɗin fahimtar duk wata gajeriyar tafiya ta jirgin sama, a Turai ne ko a nan gida.

Mu mutanen Zariya bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, domin tun shekarar 1964 muke da kwalejin koyon tuƙin jiragen sama a garinmu, kuma babu wanda ya taɓa bin hanyar Sakkwato zuwa Samaru bai ga ƙananan jiragen koyo suna shawagi ba. Wanda ya taɓa tsayawa ya zuba ido zai lura cewa jirgi ba ya tashi da zarar an kunna shi. Farfelarsa za ta daɗe tana juyawa yana tsaye a wuri ɗaya, sannan ya fara gangarawa a hankali kamar mai jin nauyin jikinsa har ya kai bakin titin tashi, a can ya sake tsayawa, matuƙi yana duba na'urorinsa yana jiran izini daga masu kula da zirga-zirga da ke cikin hasumiya, sai bayan an ba shi izini ne zai saki gudu ya ɗaga. Wannan fa a fili ne wanda babu cunkoso a cikinsa. To ina ga Heathrow, babban filin jirgin saman Landan, wanda ya ɗauki fasinjoji fiye da miliyan 80 a shekarar 2019, alhali titunan tashi da sauka biyu kawai gare shi? A can jirage layi suke bi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba abin mamaki ba ne jirgi ya shafe minti 15 ko 20 tsakanin barin ƙofar da fasinjoji suka shiga da ɗagawarsa daga ƙasa. Lokacin da kamfani yake rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sanda jirgi ya motsa daga inda yake ajiye, ya ƙare a sanda ya tsaya cik a ɗaya filin, don haka duk wannan gangarawa da jira suna cikin lissafi. Zaman da ake yi a sama na haƙiƙa bai cika wuce minti 45 zuwa 55 ba.

Ko a saman ma, jirgin ba ya samun damar yin cikakken gudunsa sai na ɗan lokaci. A mafi yawan wurare ƙa'ida ta taƙaita gudun jirgi a kan kimanin kilomita 460 a awa matuƙar yana ƙasa da ƙafa 10,000, kuma a tafiya gajeriya irin wannan, hawa da sauka su ne suke cinye mafi yawan hanyar, ta yadda jirgi bai gama hawa ba sai lokacin fara gangarowa ya yi. Ba ya ma kaiwa tsayin ƙafa 35,000 da jiragen dogon zango suke kaiwa. Sannan hanyar da yake bi ba miƙaƙƙiya ba ce kamar layin da muka ja a taswira, domin sararin samaniyar kudancin Ingila da arewacin Faransa yana cikin mafi cunkoso a duniya, kuma akwai ƙayyadaddun hanyoyin fita da shiga da kowane jirgi dole ya bi. Iska ma tana da ta cewa, tunda jirgi yana tashi yana kuma sauka ne yana fuskantar iska, don haka wata rana sai ya fara nufar yamma alhali Paris tana kudu maso gabas, daga baya ya karkato. Mai zuwa Heathrow kuma, idan ya iso a lokacin cunkoso, akan tura shi ɗaya daga cikin wurare huɗu da aka ware a sama kewaye da Landan, ya yi ta kewaye a can har layi ya zo kansa.

Saboda waɗannan mintoci na tashi da sauka kusan ɗaya suke ga kowace tafiya, gajeriya ce ko doguwa, lokacin tafiya ba ya ninkuwa yadda nisa yake ninkuwa. Daga Landan zuwa birnin Rum na Italiya kimanin kilomita 1,400 ne da ɗoriya, wato ninki huɗu na nisan Paris, amma jirgi yana zuwa cikin kimanin awa biyu da rabi, ninki biyu kawai. Daga Abuja zuwa Landan kusan kilomita 4,800 ne, kusan ninki 14, amma tafiyar awa shida ce da 'yan mintoci, abin da bai fi ninki biyar ba. Fa'idar jirgin sama tana ƙaruwa ne gwargwadon tsawon hanya, tana kuma raguwa ƙwarai idan hanyar ta gajarta.

Duk wannan bayani a kan abin da ke cikin tikiti ne, alhali mafi yawan lokacin matafiyi yana tafiya ne a wajen tikitin. Kowa ya san idan direba a Kwangila ya ce maka Kano awa biyu ce, bai sa da zaman jiran mota ta cika ba, bai kuma sa da yadda za ka fito daga Tudun Wada ko cikin birni ka iso tasha ba, balle yadda za ka kai unguwar da ka nufa bayan an sauke ka. Haka kamfanin jirgi yake. Heathrow yana yamma da tsakiyar Landan da kimanin kilomita 25, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly, wanda shi ne mai rahusa, yana cin kusan awa ɗaya kafin ya kai ka. Akwai mai sauri daga tashar Paddington da ke zuwa cikin minti 15, amma kuɗinsa ba na ɗalibi ba ne. Kamfanoni suna ba da shawarar a iso fili awa biyu kafin tashi saboda awon kaya da binciken tsaro. Bayan an sauka a filin Charles de Gaulle, wanda shi ma yana arewa maso gabas da Paris da kimanin kilomita 25, akwai doguwar tafiyar ƙafa a cikin ginin, da layin duba fasfo, inda mai koren fasfo irin namu yake bin layin waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, da jiran akwati, sannan jirgin ƙasa na cikin gari da ke ɗaukar fiye da rabin awa zuwa tsakiyar birni. Idan aka tara waɗannan duka, tafiyar da aka ce ta awa ɗaya ce takan kai awa biyar ko ta wuce, kuma wannan idan komai ya tafi daidai ne, ba a sami hazo ko yajin aiki ba.

Wani abin lura kuma shi ne sunan birni a tikiti ba ya nufin filin jirgi guda. Filaye shida ne suke ɗauke da sunan Landan, wato Heathrow da Gatwick da Stansted da Luton da City da Southend. Gatwick yana kudu da birnin da kimanin kilomita 45, Stansted kuma ya wuce kilomita 50 ta arewa maso gabas. A ɓangaren Faransa, ban da Charles de Gaulle akwai Orly, wanda ya fi kusa da gari, akwai kuma Beauvais, wanda kamfanoni masu rahusa suke laƙaba wa sunan Paris alhali yana nesa da ita da kimanin kilomita 80, wato kamar a sauke mutum a Kaduna a ce masa ya iso Zariya. Araha ba ta ado, domin abin da aka rage maka a kuɗin jirgi sau da yawa za ka biya shi a kuɗin bas da lokacin da ka ɓata a hanya.

Wannan ne ya sa mazauna biranen biyu da yawa ba sa ma tunanin jirgin sama idan za su je ɗayan. Ruwan da ya raba Ingila da Faransa bai wuce kilomita 34 ba a inda ya fi ƙunci, kusa da garuruwan Dover da Calais, kuma a nan ne Bafaranshe Louis Blériot ya tsallaka da jirginsa na sama a ranar 25 ga Yuli, 1909, cikin ƙasa da minti 40. Shekara goma bayan haka, a ranar 25 ga Agusta, 1919, aka fara jigilar fasinja ta kullum tsakanin Landan da Paris, daga wani fili da ake kira Hounslow Heath, kusa da inda Heathrow yake a yau, zuwa Le Bourget, kuma tafiyar ta ɗauki kimanin awa biyu da rabi. Sai a watan Mayu na 1994 Sarauniya Elizabeth ta Biyu da Shugaba François Mitterrand suka buɗe hanyar jirgin ƙasa da aka haƙa a ƙarƙashin teku, mai tsawon kilomita 50, wadda kusan 38 daga ciki suke ƙarƙashin ruwa. A watan Nuwamba na 1994 ɗin jirgin ƙasa na Eurostar ya fara aiki, kuma tun daga 2007, da aka kammala layin mai sauri a ɓangaren Ingila, yana tashi daga tashar St Pancras ya isa tashar Gare du Nord cikin awa biyu da kusan minti 20, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa a sarari, ya rage zuwa 160 a cikin ramin, wanda yake ratsawa cikin kimanin minti 20.

Hanyar jirgin ƙasan ta fi ta sama tsawo, domin ta kusa kilomita 500, kuma a kan takarda lokacinta ya ninka na jirgin sama kusan sau biyu. Amma tashoshin biyu a cikin gari suke, kuma ana gama duba fasfo na ƙasashen biyu tun kafin a shiga jirgin, ta yadda idan ka sauka sai dai ka ɗauki akwatinka ka fita titi. Ko da an ƙara awa ɗaya ko ɗaya da rabi na zuwa da wuri, tafiyar ba ta cika kaiwa awa huɗu ba. Ga mai tasowa daga tsakiyar wannan birni zuwa tsakiyar wancan, abin hawan da ya fi jinkiri a lissafin gudu shi ne yake riga isa, kuma wannan hukunci ne da nake tsaye a kansa. Gwamnatin Faransa ma a kan irin wannan lissafi ta dogara lokacin da, a watan Mayu na 2023, ta hana jigilar jiragen sama ta cikin gida a hanyoyin da jirgin ƙasa ke zuwa cikin ƙasa da awa biyu da rabi, abin da ya shafi zirga-zirga daga Orly zuwa Bordeaux da Lyon da Nantes. Dokar ba ta shafi Landan ba, tunda wata ƙasa ce daban. Adalci kuma shi ne in ambaci cewa ga wanda ya riga ya sauka a Heathrow daga Abuja yana da jirgi na biyu a kan tikiti guda, shiga gari neman jirgin ƙasa wahalar banza ce, haka kuma tikitin Eurostar yakan yi tsada matuƙa idan aka saya a ƙurarren lokaci. Mai ƙaramin ƙarfi da ba ya gaggawa yana da bas, wadda take cin awa takwas ko fiye.

Sai batun agogo, wanda ya fi komai rikita iyaye. Wani dattijo maƙwabcina ya shigo zaurena bayan sallar la'asar riƙe da takardar tafiyar ɗansa da aka buga masa a shagon kwamfuta, ya shimfiɗa ta a kan tabarma ya danne gefenta da carbinsa don kada iska ta ɗauke, ya sa yatsa a kan layi biyu ya ce, "Malam, duba min nan. Zuwa awa biyu da minti ashirin, dawowa minti ashirin. Ko dai gangara ce a dawowar?" Muka yi dariya, amma tambayarsa tana kan hanya. Lokutan da ake rubutawa a tikiti na agogon garin da abin ya faru ne, kuma agogon Paris yana gaba da na Landan da awa ɗaya. Jirgin da ya tashi daga Landan da ƙarfe 8:00 ya yi tafiyar awa ɗaya da minti 20, zai sauka da ƙarfe 10:20 na Paris, wanda kuma ya tashi daga Paris da ƙarfe 8:00 zai sauka da ƙarfe 8:20 na Landan. Tafiyar ɗaya ce a zuwa da dawowa, agogo ne ya ƙara awa a nan ya cire ta a can.

Abin da zai ba ɗalibin Labarin Ƙasa sha'awa shi ne wannan bambanci na awa guda ba rana ce ta kawo shi ba. Landan tana kan layin Greenwich, wato layin da ake fara ƙirga digirin gabas da yamma daga kansa a taswira, Paris kuwa tana gabas da shi da digiri biyu da ɗan kaɗan, wanda a lissafin rana bai kai minti goma ba. Daga 1911 Faransa ta bi agogon Greenwich, sai a 1940, lokacin da sojojin Jamus suka mamaye ta a Yaƙin Duniya na Biyu, aka mayar da ita kan agogon tsakiyar Turai, kuma bayan yaƙin ba ta koma ba. Zariya, da take kusa da digiri takwas, ta fi Paris gabas nesa ba kusa ba. Ga yadda abin ya shafe mu: ƙasashen biyu suna matsar da agogonsu gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta watan Maris, su mayar da shi baya a Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, mu kuwa ba ma taɓa namu. Don haka a lokacin hunturunsu agogon Paris daidai yake da na Zariya, na Landan yana baya da awa ɗaya, a lokacin bazararsu kuma na Landan ne yake daidai da namu, na Paris ya wuce mu da awa ɗaya. Uwar da take zaune tana jiran kiran ɗanta ya kamata ta san wannan kafin hankalinta ya tashi. Matafiyi Musulmi kuma ya tuna cewa salla da rana take tafiya, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Paris sai kusan ƙarfe 10 na dare, saboda haka ya nemi jadawalin salla na garin da ya sauka. Dangane da ƙasaru, abin da muka karanta a wurin malamanmu na Malikiyya shi ne ana duba nisan tafiya ne, mil 48, ba a duba saurin abin hawa, kuma wannan tafiya ta wuce haddin da nisa mai yawa.

Babbar matsalar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce ta biza. Kusancin biranen biyu yana sa matasanmu su ɗauka cewa wanda ya shiga ɗaya ya shiga ɗayan. Birtaniya ba ta taɓa kasancewa cikin yankin Schengen ba, wato rukunin ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, kuma ta fice daga Tarayyar Turai ma gaba ɗaya a ranar 31 ga Janairu, 2020. Ɗan Nijeriya mai bizar Birtaniya ba zai shiga Faransa da ita ba, mai bizar Schengen ma ba zai shiga Birtaniya da ita ba, ko ta sama ya bi, ko ta ƙarƙashin teku, ko ta jirgin ruwa. Har yada zango a cikin filin jirgi ba tare da fita gari ba, ɓangarorin biyu suna neman bizar wucewa daga mai fasfon Nijeriya, sai dai idan yana riƙe da wasu takardu da dokokinsu suka keɓe. Neman biza kuwa aikin makonni ne, don haka ga ɗanmu, abin da ya raba Landan da Paris ya fi ƙarfin kilomita 344.

Na ga illar rashin sanin wannan a takardun wani yaro ɗan unguwarmu da ya sami tallafin karatu a Faransa. Wani mai sayar da tikiti, wanda ba zan ambaci sunansa ko na shagonsa ba, ya haɗa masa tikiti biyu na kamfanoni daban domin kuɗin ya sauka: na farko daga Legas zuwa Gatwick, na biyu daga Heathrow zuwa Paris, da tazarar awa uku a tsakani, ya kuma tabbatar wa mahaifin yaron cewa duk Landan ce. Tsakanin filayen biyu tafiyar awa ɗaya ce ko fiye a bas, kuma kafin yaron ya hau bas ɗin dole ya bi ta hannun jami'an shige da fice na Birtaniya ya karɓi akwatinsa, abin da ba zai yiwu ba sai da bizar da ba shi da ita. Da an bar shi ya tafi, tun a Legas kamfanin jirgi zai hana shi shiga. Allah ya sa an lura kwanaki kafin tafiyar, amma kuɗin tikiti na biyu bai dawo ba, kuma kuɗin shanu ne da aka sayar. Abin takaicin shi ne akwai jirgi kai-tsaye daga Abuja da Legas zuwa Paris, wanda da shi aka saya tun farko da babu ruwan yaron da Landan.

Akwai kuma wani wuri da lissafin nisa yake da amfani kai-tsaye ga aljihun matafiyi. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2004 kan haƙƙin fasinja ta tanadi diyya idan aka soke jirgi ba tare da sanarwa da wuri ba, kotunsu kuma ta faɗaɗa ta zuwa jinkirin awa uku ko fiye wajen isa, muddin laifin na kamfani ne, ba na yanayi ko wani abin da ya fi ƙarfinsa ba. Adadin diyyar da nisan tafiya ake auna shi, a kan miƙaƙƙen layin nan da na ambata a sama: Yuro 250 ga tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, Yuro 600 ga doguwar tafiyar da ta wuce kilomita 3,500. Birtaniya ta riƙe irin wannan tsari bayan ficewarta, inda mafi ƙarancin diyyar yake fam 220. Amma wanda ya rasa jirginsa na biyu saboda na farko ya makara, kamfani yana ɗaukar nauyin ɗora shi a wani jirgin ne kawai idan tafiyar biyu a kan tikiti guda suke. Mai tikiti biyu daban ba shi da wanda zai riƙe, kuma masu sayar da tikitin rahusa ba sa faɗin wannan sai an tambaye su.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne idan wakilanku za su kawo labarin da ya shafi tafiya tsakanin biranen Turai, su riƙa bayyana wane lokaci suke nufi, na zaman sama ne, ko na jadawalin kamfani, ko kuwa na fita daga masauki zuwa shiga masauki, su kuma faɗi sunan filin jirgi tare da sunan birni. Zan kuma so jaridar ta nemi malaman kwalejinmu ta jiragen sama da na sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello su riƙa rubuta irin wannan bayani da Hausa, musamman a watannin Agusta da Satumba, lokacin da ɗalibai suke shirin tafiya kuma masu sayar da tikiti suke cin kasuwarsu.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin Labarin Ƙasa,
Tudun Wada, Zariya.